Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Kurmi: Tsokaci a Kan Yadda Ake Nuna wa Baƙi Birnin Kano

Duk baƙon da ya zo Kano da niyyar ganin gari, ko Bature ne mai yawon buɗe ido ko kuwa ɗalibi ne daga wata jami'a, kusan hanya ɗaya ake bi da shi. Akan fara da Gidan Makama, a tsallaka zuwa Ƙofar Kudu a nuna masa fada da babban masallaci, a gangara Kasuwar Kurmi ya sayi jakar fata ko hula, a kai shi karofin Ƙofar Mata, sa'an nan in da sauran ƙarfi a gwiwarsa a hau da shi Dutsen Dala ya hangi birni daga sama. Bayanin da ɗan jagora ke yi a bisa wannan hanya ya daɗe da zama wani irin adabin baka mai tsayayyen zubi, wanda na baya ke gada daga bakin na gaba: Barbushe da Tsumburbura, Bagauda, Rumfa da abubuwa goma sha biyu da ya ƙaga, Jihadi, Dabo, sai kuma zuwan Turawa a 1903. Duk wanda ya saurari wannan bayani sau biyu zai lura da cewa jerin sarakuna ne aka shimfiɗa a kan titi. Mutanen da suka cika birnin, da inda suka fito, da abin da suke ci, ba su da gurbi a cikinsa, in ban da a ce Kano cibiyar ciniki ce tun da daɗewa, a wuce.

A waɗansu manyan biranen duniya an fito da wani salon zagaya gari domin cike irin wannan giɓi, wanda za a iya kiransa zagayen ɗanɗano. Yadda ake yin sa shi ne, ɗan jagora ya ɗebi mutane kaɗan su bi unguwannin baƙi da ƙafa, ana tafe ana tsayawa, a kowane zango a ɗanɗana abincin mutanen wurin, a kuma ji labarin zuwansu. A birnin Niyok akwai gidan tarihi da aka kafa a 1988 a cikin wani tsohon gidan haya na baƙi a titin Orchard, wanda ya yi suna da irin wannan yawo. A Landan akan bi da mutane titin Brick Lane, inda gini guda ya fara da zama coci a 1743 a hannun 'yan gudun hijira daga Faransa, ya koma wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, sa'an nan ya zama masallacin mutanen Bangaladash a 1976. Ko a Afirka ta Yamma ma akan kai baƙi unguwar Nima ta birnin Akara su sha koko da ƙosai, su ci abin da mutanen Gana ke kira waakye da tuo zaafi, watau shinkafa da wake da tuwo mai zafi. A can Bahaushe ne baƙon da ake zuwa kallo.

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ko wannan salo zai karɓi birnin Kano, in an ɗauki hanyar da ta taso daga Ƙofar Ruwa ta ratsa Dala ta faɗa Kurmi a matsayin ma'auni. Ta fuskar abin nunawa dai ba a rasa komai ba, domin da wuya a sami wani birni a ƙasar Hausa da unguwanninsa suka riƙe sunayen baƙi kamar Kano. Amma salon yana tafe da wani zato a ɓoye, cewa baƙo yana nan a matsayinsa na baƙo, harshensa daban, shagonsa a bakin titi da allo a rataye a kai. Wannan zato bai dace da cikin ganuwa ba. Baƙin birni sun daɗe da zama Kanawa, abincinsu ya zama na kowa, kuma yawancin shaidar da ta rage tana cikin kalmomi ne, watau sunayen unguwanni da sunayen abinci. Saboda haka aikin ya fi kusa da mai nazarin harshe bisa ga mai sayar da tikiti.

Dalilin farawa daga arewa

Ƙofar Ruwa, wadda kuma ake kira Ƙofar Lunkui, tana daga arewacin birni, kuma tana cikin tsofaffin ƙofofi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambace ta cikin ƙofofi takwas na ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma, yana biye da Ƙofar Mazugal a jeri. Shekarun da ake bai wa Gijimasu, 1095 zuwa 1134, lissafin Palmer ne wanda ya yi ta hanyar ƙirga tsawon sarautu da baya, don haka ya kamata ɗan jagora ya riƙa faɗin su da sassauci.

Akwai wani jarabi da ke jiran duk mai tsayawa a wannan ƙofa, shi ne ya ce ta nan ayarin Sahara ke shigowa. Magana ce mai daɗin ji, amma tana bukatar linzami. Lokacin da Heinrich Barth ya zauna a Kano a 1851 ya zana taswirar birnin, kuma a cikin jerin ƙofofin da ya bayar ya nuna cewa Ƙofar Ruwa a toshe take a wannan zamani. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne, ƙofofin wannan sashe, irin su Mazugal da Ruwa da Waika, su ne ke fuskantar hanyoyin Kazaure da Daura da Katsina da Damagaram, har zuwa Azbin da bayanta, kuma unguwannin da ke bayansu su ne na fatake da malamai da masu sana'a. Tun Barth, har zuwa John Paden a littafinsa na 1973 a kan addini da siyasa a Kano, manazarta sun lura da yadda rafin Jakara ya raba birni kashi biyu: kudu ga fada da gidajen sarautar Fulani, arewa ga tsofaffin Hausawa da 'yan kasuwa. Wanda ya shigo ta kudu dole ya fara da sarki. Wanda ya shigo ta arewa kuwa da maƙeri zai fara, domin ko a bakin labarin gargajiya, mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama, kuma binciken da aka yi a kan wata matoyar ƙarfe a wurin ya nuna ana aikin tun wajen ƙarni na 7. Ashe ke nan tarihin Kano da baƙo ya fara. Wani abin sha'awa kuma, har yanzu da ƙarfe aka san Ƙofar Ruwa, domin kasuwarta ta yi suna da rodi da kwanon rufi da kayan gyaran mota.

Tsakanin ƙofar da Dala ba a bukatar dogon tsayi. A zamanin Barth yawancin wannan fili gonaki ne a cikin ganuwa, sai a ƙarni na 20 gidaje suka cinye shi. A nan Gwammaja take, inda gidan Malam Aminu Kano yake, wanda ake kira Mambayya.

Abin da sunayen unguwanni ke faɗa

Daga gindin Dala ne magana ke yin kauri. A nan Madabo take, mazaunin malamai Wangarawa, kuma a nan ne ya kamata a ji labarin da bayanin yau da kullum ke taƙaitawa a cikin jimla guda. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), su kamar arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Amma akwai wani littafin Larabci na ƙarni na 17, Asl al-Wangariyyin, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a mujallar Kano Studies a 1968, shi kuwa ya kawo zuwan Abdurrahman a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), watau kimanin shekara ɗari bayan Yaji. Ɗan jagoran da ya san aikinsa zai kawo ruwayoyin biyu, domin saɓanin shi kansa darasi ne: zuwan baƙi ba aukuwar rana ɗaya ba ce, ayari ne bayan ayari, daga baya masu ba da labari suka dunƙule su a ƙarƙashin suna guda. Sunayen waɗansu daga cikin mutanen da littafin ya lissafa suna nan a taswirar birni, a unguwanni irin su Zaitawa da Mandawari da Sheshe da Madatai. Ga mai sha'awar tarihin abinci kuwa akwai wani ɗan bayani da ba a cika kula da shi ba. Sa'ad da Yaji ya karɓi Musulunci ya raba wa baƙin nan ayyuka, wani liman, wani ladan, wani alƙali, sai aka ba ɗaya daga cikinsu mai suna Auta aikin yanka duk naman da za a ci. Ke nan canji na farko da littafin ya danganta da baƙi a sha'anin abinci bai shafi ɗanɗano ba, ya shafi halas da haram ne.

Kaɗan gaba, tsakanin Dala da Kurmi, akwai Dandalin Turawa. Babu sunan da ke ruɗa baƙo, har ma da ɗan gari matashi, kamar wannan. Kalmar Bature a tsohuwar Hausa Balaraben Arewacin Afirka take nufi, mutumin Tarabulus ko Gadamas, su kuwa mutanen Turai da Nasara aka fi saninsu. Sai bayan 1903 ne kalmar ta sauya maigida. A wannan yanki na Dala Barth ya sauka, kusa da 'yan kasuwar Gadamas, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin rani idan fatake suka cika gari. Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta funduƙ ta samo suna, watau masaukin fatake. Sharifai kuma tana komawa ga zuriyar da ake dangantawa da Shehu Magili, wanda ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15. Haka abin yake tafiya a kewayen Kurmi: Zangon Barebari na mutanen Barno, Tudun Nufawa na masaƙa daga Nufe, Ayagi ta Yarabawa wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), Agadasawa ta mutanen Agadas, da Kabara wadda ta ɗauki sunan tashar jirgin ruwan Tambutu ta dalilin malamin da ya fito daga can.

Sai dai ba kowane baƙo ne ya bar sunansa a kan unguwa ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya nazarci fataucinsu na goro zuwa Gwanja a littafinsa na 1980, sun fi barin alamarsu a cikin dukiyar gari. Alhaji Alhassan Ɗantata (1877 zuwa 1955), wanda aka haifa a Bebeji, ya zauna a wajen Koki, daga Agalawa ya fito, mutanen da tushensu ke komawa ƙasar Azbin. Yau babu mai ce wa zuriyarsa baƙi, kuma wannan shi ne ainihin halin birnin.

Farantin gurasa

In ana neman abinci guda da zai ɗauki nauyin wannan tarihi, gurasa ce. Muhammadu Uba Adamu, a wata maƙala da ya buga a Kano Studies a 1968 a kan tasirin fataken Arewacin Afirka, ya jawo hankali ga jerin abincin alkama da suka shigo gidajen Kanawa ta hannun Larabawan nan. Harshe yana goyon bayansa. Alkama kanta kalmar aro ce daga Larabci, haka albasa da alewa. Gurasa daga kalmar da ke nufin faifan burodi take, tanderun da ake gasa ta a ciki shi ne tannur, alkaki shi ne ka'ak, gireba ita ce gurayba, dashishi shi ne dashisha, bakilawa kuwa sunanta bai ɓoye komai ba. Akwai ma unguwa sukutum da ke ɗauke da sunan sana'ar, watau Ceɗiyar 'Yangurasa.

To amma a nan ne zagayen ɗanɗano zai iya yin kurensa mafi girma, in ɗan jagora ya miƙa wa baƙo gurasa ya ce ga abincin Larabawa. A dubi alkubus. Sunansa al-khubz ne, watau burodin gashi, amma a Kano turara shi ake yi a cikin gwangwani, a ci da miyar taushe. Babu mutumin Tarabulus da zai gan shi ya ce na gidansu ne. Alkaki da dubulan da gireba sun bar teburin attajiri sun shiga gara, sun zama ma'aunin mutuncin iyayen amarya, suna jere da nakiya a cikin kwalla. Bandashe kuwa ya fi su duka nisa da asali. Ana tsoma gurasa a ruwa, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Gyaɗa da barkono da tumatir duk tsire-tsiren nahiyar Amurka ne, waɗanda ba su iso Afirka ba sai bayan ƙarni na 15, kuma gyaɗa ba ta mamaye ƙasar Kano ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka shiga cinikinta gadan-gadan daga 1912. Alkamar da ake nomawa da rani a fadama da jigo, wadda tsadarta ta sa gurasa ta zama abincin masu hali, ta ba da wuri ga fulawar inji, wadda yawancin alkamarta daga ƙetare take zuwa. Wannan sauyi ne ya saukar da gurasa zuwa tashar mota da bakin kasuwa. Saboda haka farantin bandashe guda yana ɗauke da zamanin raƙumi da zamanin jirgin ƙasa da na jirgin ruwa, kuma wadda ta haɗa su waje ɗaya Bakanuwa ce.

Hatta abincin da ake ɗauka na gida ne tsantsa bai tsira daga hannun baƙo ba. Ɗanwake ba ya yiwuwa sai da kanwa, kanwa kuwa daga Barno da ƙasar Manga fatake ke kawo ta. Gishirin miya a da na Balma ne, a bayan raƙuman Azbinawa. Tarihin Kano ya sa yawaitar gishiri a ƙasar Hausa, da zuwan Barebari da yawa, da zaman Larabawa, duk a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), bayan da Abdullahi Burja ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Masara ma sunanta ya nuna ta inda Bahaushe ya ɗauka ta ɓullo masa, watau Masar. Goro, wanda ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi, ba ya tsiro a ƙasar Kano ko kaɗan.

Ƙofar gida da bakin titi

Wata matsala kuma ita ce ta wuri. A Niyok da Landan abincin baƙi a shago yake, ƙofa a buɗe, kowa ya shiga. A cikin birnin Kano mafi kyawun abinci a cikin gida ake yin sa, a hannun matan aure, bayan zaure da soro, inda namiji baligi ba ya ƙetarewa. Polly Hill ta kira irin wannan ciniki ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, Enid Schildkrout kuma, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda tallan yara ya zama gadar da ke haɗa murhun mace da aljihun mai saye. Ma'anar wannan ita ce, mai yawo a titi zai ga tire a kan yarinya, ba zai ga mai ilmin abin ba. Wadda ta san yadda ake murza taliyar hannu, ko yawan tsamiyar da alkaki ke bukata, ko daga wace kaka ta gaji sana'ar, tana ciki. Duk zagayen da ba mata a cikin masu jagorancinsa, kuma bai nemi izinin mai unguwa da masu gida ba, zai ƙare a wurin mai tsire da mai shayi, ya ɗauka ya ga gari.

Akwai kuma batun ladabi. Tsayawa a titi ana ci ba ɗabi'ar babban mutum ba ce a birni, malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da kan rage mutuncin mai ba da shaida. Garken baƙi a tsaye a lungu, kowa da loma a hannu da na'urar ɗaukar hoto a wuya, abin kallo ne ga yara, abin ƙi ga dattawa. Al'adar gari ta riga ta tanadi mafita, ita ce zaure, inda tun zamanin fatoma ake saukar da baƙo a kawo masa ruwa da akushi. Daɗin daɗawa, yawancin kayan alkamar nan na lokaci ne: alkaki da dubulan na biki, waɗansu na azumi da salla. Ba a samun su don an biya kuɗin yawo ranar Talata.

Wanda aka manta da wanda ake jin tsoron ambata

Bayanin da ake yi wa baƙi, tsoho da sabo, yana son baƙon da ya zo da ƙafarsa, malami da littafi ko attajiri da raƙumi. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka cika birnin a ƙarni na 19 kawo su aka yi. Kurmi tana da sashen 'yan bayi har zuwa 1903, Barth kuma ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara ba su wuce 5,000 ba, ban da ɗimbin waɗanda ake riƙewa a gidaje da rinji. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa ba sai a 1936. Matan da aka kamo daga Adamawa da ƙasashen Bauci da Ningi da Gwari su ne suka yi daka da niƙa da tuƙi a manyan gidaje, har da gidajen Larabawan da ake yabon girkinsu, kuma Heidi Nast ta nuna a littafinta na 2005 irin rawar da ƙwaraƙwaran fada suka taka a kan hatsin gidan sarki. Waɗannan ba su da Zango, ba su da Tudu da sunan ƙabilarsu. Zagayen da ya bi sunayen unguwanni kawai zai tsallake su, alhali hannunsu ne ya fi daɗewa a cikin tukunya. Magana ce mai nauyi, domin ta shafi asalin mutanen da ke raye, ba a kuma bukatar nuna gidan kowa. Amma a tsaya a Kurmi a yi bayanin sirdi da linzami, a yi shiru a kan wannan, rage tarihi ne da gangan.

Wannan ya kawo magana ga abin da ya fi komai haɗari. Kalmar baƙo a Nijeriyar yau ba kalmar wasa ba ce. Tun da tsarin mulki na 1979 ya shigo da rabon muƙamai bisa asalin jiha, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin makaranta da aiki. A irin wannan hali, ɗan jagora ya tsaya a Ayagi ko Tudun Nufawa ya nuna mutanen da kakanninsu suka yi kusan shekara ɗari biyu a wurin, waɗanda ba su jin wani harshe sai Hausa, ya ce ga Yarabawa ga Nufawa don ya burge baƙonsa, ya taɓa wani abu da ya fi tarihi. Ba mamaki in waɗansu iyalai ba su son a tono. A ɗaya gefen kuma, yin shiru yana ciyar da wani kuskuren, na masu zaton Kano gari ne na jini guda wanda baƙi suka zo daga baya suka dame. Mafita ita ce a gyara jigon bayanin. Abin nunawa a waɗannan unguwanni shi ne hanyar da mutum ke bi ya zama Bakano: ya sauka wurin fatoma, ya bi jam'i a masallacin unguwa, ya yi aure, 'ya'yansa su tashi da Hausa, har asalinsa ya koma abin barkwanci tsakanin taubasai.

Mulkin mallaka ne ya katse wannan hanya. Da aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu, sai aka sa shi a wajen ganuwa, a ƙarƙashin wata doka dabam, Kwarori kuma aka ba su nasu wurin kusa da Fagge. Larabawan Dandalin Turawa, da hanyar Sahara ta mutu, waɗansu suka koma gida, waɗansu suka fita waje bin ciniki, waɗansu suka narke a cikin gari. Baƙon da ya zo bayan 1913 ya tarar da tsarin da ke riƙe shi a baƙuncinsa, abin da ya biyo baya a 1953 da 1966 kuwa sananne ne. Abin lura shi ne, Sabon Gari ce ta yi daidai da zagayen ɗanɗano irin na Niyok, domin a can ne ake samun shago da allo da harshe daban. Sauƙin da salon zai samu a can alama ce ta rabuwar da aka gina, wahalar da zai sha a cikin birni kuwa ta samo asali ne daga haɗuwar da ta riga ta auku.

Duk da haka ciki bai bi dokar Turawa ba. Alale da teba sun tsallako daga harshen Yarabanci sun zauna daram a Hausa, gari da agushi sun shiga kasuwannin birni, awara ta waken suya ta zama abincin 'yan makaranta a cikin 'yan shekarun da ba su da yawa. A kasuwar Ƙofar Ruwa kanta, inda Bahaushe da Ibo ke ciniki a rumfuna maƙwabta, mai neman abin da zai ci da rana zai tarar da garau-garau da ɗanwake da gurasa a gefe guda, teba da sakwara a ɗaya gefen, ga kuma teburin mai shayi da burodi da ƙwai. Ga ɗalibin da ke neman batun digiri, tattara sunayen abincin da ake sayarwa tsakanin wannan kasuwa da gindin Dala, da bin asalin kowace kalma, da tambayar masu yin sa daga wa suka koya, aiki ne da za a iya gamawa a rani guda, in an haɗa ɗalibi namiji da mace.